Sarki da Mutuwa a Kartar Tarot: Fassarar da Ba a Iya Kama Ta da Ƙarya

Duk wanda yake ɗan jimawa a TikTok ko YouTube, da wuya a ce bai taɓa cin karo da bidiyon wata mata zaune a gaban tebur ba, kyandir yana ci a gefenta, tana cakuɗa wasu dogayen katuna masu zane, sannan ta zaro biyu ta jera su ta shiga bayani. Wannan karta ita ce tarot, wadda a Turai da Amurka ta zama babbar hanyar duba, har ana koyar da ita, ana kuma cin abinci da ita. Masu sana'ar sukan ce kati ɗaya kalma ce kawai, sai an haɗa biyu ake samun cikakkiyar magana, saboda haka suna ba da ƙarfi ƙwarai ga fassarar katunan da suka fito tare. Haɗin da ya fi jan hankalina shi ne na kati na 4, wato Sarkin Daula, da kati na 13, wato Mutuwa. A kan wannan haɗi kusan bakinsu ɗaya ne: kada mai tambaya ya firgita, domin Mutuwa a nan sauyi take nufi, tsohon tsari ne yake kaucewa don sabo ya sami wuri, ko kuma lokaci ne ya yi da mutum zai sassauta riƙon da ya yi wa al'amuransa. A ganina wannan fassara ta zalunci hoton da take fassarawa, ta kuma zalunci wanda ake yi wa ita, domin ta ɗauki magana mai kaifi da aka faɗa wa masu mulki ta mayar da ita lallashin da babu yadda za a yi a kama shi da ƙarya.

Tarot don wasa aka ƙirƙire ta, kamar kowace karta. Rubutattun shaidu mafi tsufa da aka samu a kanta daga Italiya suka fito, ɗaya daga Florence a 1440, ɗaya kuma daga fadar Ferrara a 1442. Cikakkiyarta katuna 78 ne. Guda 56 daga ciki sun kasu gida huɗu, kofuna da tsabar kuɗi da takubba da sanduna, kuma wannan tsari na gidaje huɗu Turawa sun aro shi ne daga kartar Mamlukawa, masu mulkin Masar a wancan zamani, wadda ta shiga Turai a shekarun 1370. Har yau akwai ragowar irinta a gidan tarihi na Topkapi da ke Istanbul. Babban abin da Italiyawa suka ƙara shi ne katuna 22 masu hotuna, irin su Sarki da Sarauniya da Fafaroma da Soyayya da Mutuwa da Shaiɗan da Rana da Wata. Ban da katin Wawa, wanda yake da tasa dokar, aikin waɗannan katuna a wasa shi ne cin sauran, kuma a tsakaninsu na sama yana cin na ƙasa. Idan wani ya jefa Sarki, na kusa da shi ya ɗora Mutuwa a kai, to Mutuwa ta ci, mai ita ya kwashe katunan. Haka za ta yi wa Fafaroma ma. Ma'anar haɗuwar katunan nan biyu tana cikin dokar wasan kanta, kuma duk wanda ke zaune a teburin ya gane ta ba tare da mai fassara ba.

Mutanen da suka fara riƙe waɗannan katuna ba baƙi ba ne ga faɗuwar mulki. Tsofaffin katunan tarot da suka fi shahara an zana su ne da hannu, aka ƙawata su da zinariya, don gidan sarautar Milan. Mai mulkin birnin, Filippo Maria Visconti, ya mutu a 1447 bai bar ɗa namiji ba. Mutanen gari suka kafa jamhuriya, ta yi shekara 3 ta rushe, sai surukinsa Francesco Sforza, wanda sana'arsa ita ce yin yaƙi ga duk wanda ya biya shi, ya karɓi mulki a 1450. Ɗan Francesco, Galeazzo Maria, an kashe shi da wuƙa a coci a watan Disamba na 1476. Ƙanensa Ludovico kuwa Faransawa suka kama shi a 1500, ya mutu a tsare a hannunsu a 1508. Wannan gida ɗaya ke nan a cikin shekara sittin da 'yan kai. Ga kuma annobar da ta ratsa Turai tsakanin 1347 da 1351, ta tafi da kimanin kashi ɗaya cikin uku na jama'a ko fiye, ta kuma riƙa dawowa lokaci zuwa lokaci har ƙarnuka. A wannan yanayi ne masu zane suka yawaita hoton da ake kira rawar mutuwa, inda ƙwarangwal ke jan mutane a layi, Fafaroma a gaba, sarki na biye da shi, har zuwa manomi da jariri. An zana irinsa a bangon wata maƙabarta a birnin Paris tun wajen 1425. A wasu tsofaffin katunan Italiya ma Mutuwa tana kan doki ne riƙe da lauje, tana tattake manyan coci da masu sarauta. Abin da Bahaushe yake nufi da ya ce mutuwa rigar kowa, shi ne abin da mai zanen ya zana, kuma ya zana shi ne a kan kayan wasan da mai mulki zai riƙe da hannunsa bayan cin abincin dare.

An shafe shekara fiye da 300 ana buga wannan karta kafin wani ya ce tana ɗauke da asirin gaibu. Wani malami a Paris, Antoine Court de Gébelin, ya ga ana wasanta a wani gida, nan take ya yanke hukuncin cewa ragowar littafin hikimar tsoffin limaman Masar ce, ya kuma wallafa haka a 1781 ba tare da hujja ko ɗaya ba. A lokacin babu wanda ya iya karanta rubutun Masar ta dā. Sai a 1822 wani masani ɗan Faransa, Champollion, ya warware shi, kuma babu wani abu mai kama da tarot da aka samu a cikinsa. Amma maganar ta riga ta shiga kunne. Wani ɗan duba da ya juya sunansa ya zama Etteilla ya fitar da kartarsa ta duba a ƙarshen shekarun 1780. Éliphas Lévi, wani marubucin ilimin asiri ɗan Faransa, ya zo a shekarun 1850 ya ɗaura katuna 22 ɗin a kan haruffa 22 na Ibrananci. Daga nan abin ya haye zuwa Ingila, inda wata ƙungiyar asiri da aka kafa a Landan a 1888 ta ƙara nata lissafin taurari a kai. Biyu daga cikin 'ya'yan wannan ƙungiya, Arthur Edward Waite da mai zane Pamela Colman Smith, su ne suka fitar da kartar 1909, wadda ita ce ake gani a mafi yawan bidiyoyin yau.

Ya kamata a tsaya a dubi abin da Smith ta zana, domin ta fi masu fassara ta gaskiya. Sarkinta tsoho ne mai farin gemu, yana zaune a kan gadon dutse da aka sassaƙa wa kawunan raguna, sulke yana leƙowa daga ƙarƙashin jar alkyabbarsa, a bayansa kuma busassun duwatsu ne. A katin Mutuwa, ƙwarangwal ne sanye da baƙin sulke a kan farin doki, yana riƙe da baƙar tuta mai hoton farin fure. A gaban dokin wani babban limamin coci yana tsaye ya haɗa hannuwa, ga wata budurwa ta kau da kai, ga ƙaramin yaro a durƙushe. A ƙarƙashin ƙafafun dokin kuwa sarki ne kwance, kambinsa ya faɗo ya gangara gefe. Duk wanda ya jera katunan nan biyu zai ga mutumin da ke kan gado a na farko, ya kuma ga inda irinsa ya ƙare a na biyu. Gaskiya ne can baya akwai rana tsakanin hasumiya biyu, kuma Waite ya yi maganar sabuntawa a bayaninsa na hoton, don haka masu cewa sauyi ba daga iska suka ɗauko maganarsu ba. Sai dai a jerin ma'anonin duba da shi kansa ya rubuta wa wannan kati, ya ambaci ƙarshe da mutuwa da halaka da ruɓewa, ya ce ga namiji rashin mai taimakonsa ne, ga budurwa kuma lalacewar maganar aure. Masu sana'ar yau sun riƙe ranar da ke can nesa, sun ƙi ganin gawar da ke gaban ido, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne: wanda ka gaya wa ubangidansa zai mutu ba lalle ne ya dawo ya sake biya ba.

Akwai wata hujja da suke yawan kafawa don nuna cewa katunan nan biyu 'yan gida ɗaya ne tun asali. Sukan ce idan aka haɗa 1 da 3 na lambar 13 za a sami 4, lambar Sarki, saboda haka Mutuwa ita ce ɗaya fuskar mulki. Maganar tana da daɗin ji, amma tana tsaye ne a kan lambobin da ba su taɓa zama ɗaya a ko'ina ba. Katunan gidan sarautar Milan ba su da lamba sam. 'Yan wasa haddace jerin suke yi, kuma kowane gari da nasa. Wani limamin coci ɗan Italiya na ƙarni na 15, a cikin wa'azinsa na tsine wa caca, ya lissafa katunan ɗaya bayan ɗaya, kuma a jerinsa Mutuwa ce ta 13 amma Sarki shi ne na 3. Shi kansa Waite ya musanya gurbin katin Ƙarfi da na Adalci, na 8 da na 11, don su dace da lissafin taurarin ƙungiyarsu. Hotunan ma an sha canza su. A wani salon kartar da aka riƙa bugawa a gabashin Faransa da Suwizalan an cire Fafaroma aka sa gumakan Rumawa, a Bologna kuma a 1725 an cire hotunan fafaromomi da sarakuna bisa umarnin hukumar Fafaroma. Abin da masu ɗab'i da masu iko suka riƙa gyarawa yadda ya yi musu daɗi, ban ga yadda zai zama ma'aunin ƙaddarar wani ba.

Babban abin da ya fi damuna shi ne yadda aka gina fassarar ta toshe kowace ƙofa. Daga katuna 22 ana iya fitar da haɗi 231 na bibbiyu. Idan aka lura da wanda ya riga fitowa, sun zama 462, idan kuma aka ƙara da cewa kowane kati yana iya fitowa a miƙe ko a kife, sun kai 1,848. A cikakkiyar karta mai 78 haɗin bibbiyu kaɗai 3,003 ne. Babu wanda ya taɓa bin diddigin waɗannan ɗaya bayan ɗaya ya ga abin da ya sami mutanen da suka fito musu. Ma'anar a bakin mai duba ake ƙera ta, daidai lokacin da yake kallon fuskar mai tambaya ko yake karanta saƙonsa. Idan Sarki ya riga, sai a ce wani iko da ke kanka ya kusa ƙarewa. Idan Mutuwa ce ta riga, sai a ce bayan rushewa tsari zai kafu. Idan Mutuwa ta fito a kife, kai ne kake ƙin sauyin da ya zama dole. Shi Sarkin kuma yana iya zama mahaifi, ko miji, ko shugaba a wurin aiki, ko gwamnati, ko ma halin mai tambayar na son juya kowa. To a nuna mini baligin da babu wani mai iko a rayuwarsa, ko wanda babu abin da ke canzawa a tattare da shi. Idan shugaban ya sauka, karta ta faɗi gaskiya. Idan bai sauka ba, ai sauyin a zuciyarka yake. Idan ba ka ji komai a zuciyarka ba, to ƙin sauyi kake yi, wannan ma karta ta faɗa.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da sanin dalilin da ya sa irin wannan magana take kama mutane. A 1948 Bertram Forer, wani malamin jami'a a Amurka, ya yi wa ɗalibansa 39 gwajin hali, daga baya ya ba kowa takarda ya ce sakamakonsa ne shi kaɗai. Ya nemi kowa ya auna yadda bayanin ya dace da shi daga 0 zuwa 5, matsakaicin makin ya kai kusan 4.3. Sai bayan nan ya bayyana musu cewa takarda ɗaya ce ya raba wa kowa, kuma daga wani ɗan littafin taurari na kasuwa ya tsinto jimlolin. Mai sauraro ne yake cike gurbin da nasa labarin, sannan ya yi mamakin yadda aka san sirrinsa. A bidiyo abin ya fi muni, domin haɗin katuna ɗaya ake nuna wa dubban mutane, a ce wa kowannensu saƙon nasa ne tunda ya ci karo da shi, alhali manhajar ce ta lura ya tsaya a kan irinsa jiya.

Masu kare tarot da suka fi hankali ba sa da'awar sanin gobe, kuma bai kamata a yi musu ƙarya ba. Suna cewa karta madubi ce, hotunan suna taimaka wa mutum ya furta abin da ya daɗe yana ɓoyewa, kuma sukan jingina da ra'ayoyin Carl Jung, masanin halayyar ɗan Adam, kan siffofin da ke zaune a zuciyar kowa, irin su uba da sarki da mutuwa. Na yarda hoto yana iya buɗe baki. Matar da ta kasa cewa mahaifinta ya danne ta tana iya ganin tsohon nan mai sulke ta fashe da kuka, ta faɗi abin da ba ta taɓa faɗa ba. Amma idan wannan ne kaɗai aikin, me ya kawo cakuɗawa da kifewa da zarowa ido rufe? Sai a baje katunan a fili, a ce mata ta zaɓi wanda ya fi kama da halin da take ciki, a tattauna. Cakuɗawar ita ce take ba fassarar nauyi, domin tana nuna cewa ba mai duba ya zaɓa ba, ba kuma mai tambaya ba, wani abu ne daga ɓoye ya aiko. Mutum ba zai ci ribar wannan nauyi a lokacin karɓar kuɗi ba, sannan idan aka tambaye shi hujja ya ce ai madubi ne kawai.

Dalilin da ya sa nake ɗaukar wannan a matsayin maganar jama'a, ba sha'awar wasu tsiraru ba, shi ne irin tambayoyin da ake kai wa katunan nan. Wanda ya tambaya game da Sarki da Mutuwa yawanci yana cikin matsi ne da wani mai iko: ma'aikacin da shugabansa ya sa shi a gaba, matar da mijinta ya zame mata azaba, ɗan da ke jinyar mahaifi. Kowannensu yana buƙatar abu takamaimai, ko lauya, ko ƙungiyar ƙwadago, ko likita, ko dangi da za su zauna a yi magana. Fassarar zamani tana ɗauke matsalar daga inda take ta mayar da ita cikin ƙirjin mai ƙorafi, a ce masa ya saki, ya karɓi sauyi, ya daina son riƙe komai. Hoton da aka zana don tuna wa mai gado cewa zai sauka ya koma abin da ake ba na ƙasa haƙuri da shi. Wani kuma akasin haka ke samunsa, ya ajiye aiki ko ya kashe aure saboda an ce masa ƙarshe ya zo, alhali abin da ya faru kawai shi ne ɗaya daga haɗi 231 ya fito.

Ga kuma batun kuɗi. A 2002 hukumar kula da kasuwanci ta tarayyar Amurka ta gurfanar da kamfanin Psychic Readers Network, wanda tallansa na duba da tarot ta wayar tarho ya cika gidajen talabijin, bisa zargin yaudara a talla da kuma wajen cajin kuɗi. An sasanta kan cewa za a yafe bashin kimanin dala miliyan 500 da ake bin masu kira, a kuma biya hukumar dala miliyan 5. Wannan a zamanin tarho ke nan, kafin sana'ar ta koma cikin wayar hannu. Yau da yawa daga masu ita suna rubuta a ƙasan bidiyo da ƙananan haruffa cewa don nishaɗi ne kawai, amma a cikin bidiyon babu alamar wasa a muryarsu, kuma wanda ya tura kuɗi don a duba masa makomar aurensa ba nishaɗi ya je saya ba.

Ga mai karatu Musulmi hukuncin duba a bayyane yake. Aya ta 65 ta Suratun Namli ta ce babu wanda ya san gaibu a sammai da ƙasa sai Allah, kuma hadisin da Muslim ya ruwaito ya ce wanda ya je wurin mai duba ya tambaye shi wani abu, ba za a karɓi sallarsa ta dare 40 ba. Kirista ma yana da hani makamancin haka a babi na 18 na Maimaitawar Shari'a a cikin Littafi Mai Tsarki. Abin lura a nan shi ne sabuwar shigar da abin ya yi. Yarinyar da ba za ta taɓa shiga zauren mai bugun ƙasa ba tana iya kwana tana kallon wannan a wayarta, domin an sa masa sunan sanin kai da warkar da zuciya, an kuma cire masa duk abin da zai tsoratar. Da katin Mutuwa yana nan da ma'anarsa ta farko, da da yawa sun rufe bidiyon tun a minti na farko.

Shi ya sa ban ga amfanin yin gardama da mai duba kan ko Sarki da Mutuwa suna nufin ƙarshen mulki ko sabunta shi ba, domin a wannan fage kowace amsa tasa ce. Abin da ya dace a nema daga gare shi ɗan kaɗan ne: kafin a tashi, ya rubuta a takarda wane ne Sarkin, wane abu ne zai ƙare, zuwa wace rana, da kuma abin da idan ya faru zai amsa cewa ya yi kuskure. Likitan da ya ce ciwo zai lafa cikin mako biyu ya ɗaure kansa da maganar da za a iya bincikawa, haka ma mai hasashen yanayi da ya ce gobe akwai ruwa. Da yawa daga masu tarot suna faɗa da bakinsu cewa karta ba ta cika ba da lokaci ba, kuma ba ta kama suna. Wanda ya ce haka ya riga ya amsa cewa biyu daga cikin abubuwa huɗun nan ba ya da su, kuma ya kamata mai tambaya ya ji wannan amsar kafin ya biya, ba bayan an kife katunan ba.